Ƙofar da Zaharadden Ya Ɗauko

Ana kiran sallar magariba a unguwar Hindawiyya ta Jidda dutsen farko ya faɗo cikin farantin shinkafa. Bai fi ƙwayar wake ba. Azumi ta dubi rufin ɗaki, babu ko tsaga. Kafin mijinta Zaharadden ya gama alwala tsakuwa ta cika tabarma, 'yarsu Najwa kuwa ta takure a lungu ta lulluɓe fuska, tana roƙon a daina kallonta.

Shi ya san mafarin abin, bakinsa ne ya yi nauyi. Ranar Juma'a ya ari motar abokin aikinsa na tashar jiragen ruwa ya fita da su shan iska, suka tsaya a wani ƙauyen kallo a bakin hanya. Gidajen dutse ne irin na mutanen da, tsayinsu iya gwiwa, har da rijiya da masallaci. Najwa ta miƙa hannu za ta taɓa, ya buge hannun, ya zuba mata wa'azin amana. Suna juya baya ya ga wata ƙofar katako mai sassaƙa, kamar tafin hannu, ƙusarta ta saki. Mutumin da ya yi furfura a gidan haya bai taɓa mallakar ƙofa ba. Ya zura ta a aljihu.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Yarinya ta daina ci, ta rame. Azumi ta gaji, ta kira Malam Abdulmajid mai ruƙiyya daga unguwar Bab Makka.

"Akwai abin da kuka ɗauko daga wani wuri?" in ji malam.

"Babu," in ji Zaharadden, idonsa a ƙasa.

Malam ya fara karatu. Najwa, wadda a Jidda aka haife ta, Hausarta rabi Larabci, ta buɗe baki da muryar tsohuwa, Hausa tsantsa.

"Ban zo cuta ba. Tare da mahajjatan ƙafa na zo ƙasar nan, sai da na tsufa na samu ɗaki. Yanzu duk mai wucewa sai ya durƙusa ya leƙa ni. Ka tambayi mai gidan nan abin da ke ƙasan akwatinsa."

Azumi ta buɗe akwatin, ta ciro 'yar ƙofar, ta dube shi. Da ma zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ni zan mayar, ki bar yarinya," in ji malam.

"Hannun da ya cire shi zai mayar. Da rana, a gaban mai gadin wurin, yarinyar tana gani."

"Ba shi da iƙama, takardar zaman ƙasa, baiwar Allah. In aka kira shurɗa, 'yan sanda, fa?"

"Ni ma ba ni da ƙofa."

Washegari ya je tare da Najwa. Ya faɗa wa mai gadi abin da ya yi da bakinsa. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, da waya a hannu, sannan ya ajiye ta ya miƙo masa ƙusa da 'yar guduma. Ƙaton mutum ya durƙusa a gaban ɗan gida, masu yawon kallo na ɗaukarsa hoto, zufa na bin gemunsa.

"Halas, ya isa, Baba, tashi," in ji Najwa, da muryarta ta kullum.

Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Yana durƙushe ƙofar ta rufe a hankali, ya ji an sa sakata daga ciki.