Hoto Na Takwas a Suk al-Arabi

"Awadiyya, kin san mutumin nan?"

Abdulganiyu ne ya tambaye ni, saura wata ɗaya a ɗaura mana aure, muna tsaye a shagonsa na ɗaukar hoto a Omdurman. Hotuna bakwai ya jera a kan tebur. Tsoho ɗaya, a kan kwali, a gindin bango ɗaya na tashar Suk al-Arabi. Duk shekara washegarin ƙaramar Salla Abdulganiyu yake zuwa ya ɗauke shi hoto. Gemu na ƙara fari, jallabiya na ƙara yagewa, amma idon nan kullum gefe guda yake kallo.

Babana ne, Mainasara.

Na ce ban san shi ba. Ko ƙifta ido ban yi ba, don na daɗe da ƙwarewa.

Ina 'yar shekara goma sha biyu hankalinsa ya taɓu, bayan aikin auduga ya ƙare masa a Jazira. Ya fita bai dawo ba. Inna ta shimfiɗa tabarmar makoki kwana uku, aka sha shayi, aka yi mana gaisuwa. Ta ce in aka ji da hauka a jininmu ba mai aurena. Ba ƙarya ta yi ba, don mahaifiyar Abdulganiyu sai da ta tone danginmu har kakanni kafin ta yarda.

Ni kuwa a tashar nan nake sauka in za ni aiki. Kullum sai in ja mayafi in rufe rabin fuskata.

Abdulganiyu ya ɗora yatsa a gefen hoto na biyar. Ga shuɗin mayafina, ina saukowa daga bas.

"Ke yake kallo, habibti, masoyiyata... Idonsa na bi, na fara ganinki."

Ya ce tsohon da bakinsa ya gaya masa ko ni wace ce, ya roƙe shi kada ya tona. Shekara uku ke nan yana jiran in faɗa da kaina. Sannan ya zaro na takwas daga aljihu. Bango ne da kwali, ba kowa. A watan Sha'aban babana ya rasu, direbobi da wata mai sayar da shayi suka yi masa sutura.

Na ji na tsani Abdulganiyu kamar yadda na tsani kaina.

"Ka sani, ka bar shi a kan kwali kana gyara haske?"

"Ke kuma kina wucewa."

A wannan dai ba wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinmu. Na zare zobensa na ajiye a kan hoton, bai ce in tsaya ba.

Da na isa gida na faɗi ina kuka, Inna ta turo ƙofa ta ce in yi shiru kada maƙwabta su ji, ai tuntuni aka gama makokinsa.

Har yau a tashar nake sauka. Na daina rufe fuska, ba mai kallona.