Ƙwaryar Kallon Duniya

A can wani zamani, an yi wata yarinya wadda kakarta ke da wata ƙwarya ta ban mamaki. In aka cika ta da ruwa, sai duniya ta bayyana a ciki. Daga tsakar gida yarinyar ke kallon teku da kufan manyan birane.

Kullum kakar takan ce, "Jikalle, kallo da ido ake yi, ban da hannu."

Ran nan kaka na madafa, yarinya ta leƙa ta ga wani kufai, ga munduwar zinariya yashe a ƙasa. Ta tsoma hannu ta damƙe ta.

Nan take wani abu mai sanyi ya cafke hannun. Ya ja har gwiwar hannu, ya ja har kafaɗa. Ta ji muryoyi suna cewa, "Tamu ce. Taho ki zauna da ita."

"Wayyo Kaka!"

Kaka ta sheƙo ta riƙe ƙugunta. "Saki! Buɗe hannunki!"

Sai da hancinta ya taɓa ruwa sannan ta saki. Suka faɗi da baya, tim!

Washegari da aka cika ƙwarya, sai da yarinya ta zauna a kan hannayenta kafin ta leƙa.