San Watanda

Tun kafin a haifi kakanninku, an yi wani mutum da unguwa ta damƙa wa san watanda. Gida goma suka haɗu suka sayi sa, ya turke musu, idan Sallah ta zo a yanka a raba. Kowane gida yana aiko da dusa da harawa da angurya.

Mutumin nan sai ya riƙa juye abincin gaban tumakinsa. Shi kuwa sa, ƙaiƙayi yake zuba masa, ya jiƙa masa kanwa don ya yi ta shan ruwa.

Matarsa ta ce, "Malam, san nan ba ƙiba yake yi ba, kumburi ne."

Ya ce, "Ciki dai ya cika."

Da wata ya zagayo ta ce, "Malam, dubi tozonsa ya kwanta."

Ya ce, "Ciki dai ya cika."

Ranar yanka yara suka jeru da kwanoni. Mahauci ya feɗe, ya laluba, babu kitse ko na shafa wa tukunya. Tsoka ta yi baƙi ta yi tauri, tumbi kuwa kamar randa.

Mahauci ya ce, "Maigida, wannan ko wuni ya yi a wuta ba zai taunu ba. Ina dusar mutane ta tafi?"

Ba wanda ya zage shi. Wata tsohuwa, wadda naman shekararta ke nan, ta ajiye masa kasonta a ƙofa, ta ja jikokinta suna kuka. Sauran gidaje ma suka yi haka.

Har ya mutu, ko kaza ba a ƙara ba shi kiwo ba.