Bokitin Ruwa a Shagon Baba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babu inda take so kamar shagon babanta.

Shagon littattafai ne ɗan ƙarami. Yana tsakanin shagon mai aski da na mai gyaran waya. Katakai ne jere a bango, hawa-hawa, kowane hawa cike da littattafai. Da an tashi daga makaranta, can take nufa. Takan shige ƙarƙashin teburin Baba ta naɗe, ta buɗe littafi. Shi ya sa Baba yake kiranta Kyanwa.

"Kyanwa, fito ki ba mai saye canji," yakan ce. "Karatun kyauta ya isa haka."

Wata rana aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Magudanar bayan shaguna ta toshe. Ruwa ya shiga shagon Baba har gwiwa. Littattafan hawan ƙasa duk suka jiƙe da taɓo. Na hawan sama ne kaɗai suka tsira.

Baba ya tsaya cikin ruwan, ya ɗauki hotuna da wayarsa. Ya ce wa Mama, "Allah Ya sa muna da inshora."

"Mece ce inshora, Baba?" yarinyar ta tambaya.

"Kowane wata ina biyan wani kamfani ɗan kuɗi kaɗan. Idan asara ta same ni, sai su mayar mini da abin da na rasa."

Amma shaguna da yawa ruwan ya ɓata. Kamfanin ya ce a bar komai yadda yake, sai ma'aikacinsu ya zo ya duba. Layin kuwa dogo ne. Shago yana rufe, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta. Albashin Mama na wurin wanki da guga ba zai riƙe gida ba.

Sai Baba ya ɗauki jakarsa. Ya tafi wani gari mai nisa, ya kama aikin lodi a wata ma'ajiyar kaya.

Gidan ya yi wa yarinyar faɗi. Ba mai waƙa a banɗaki da safe. Ba mai neman tabarau alhali suna bisa goshinsa. Kujerar Baba tana nan a falo, kowa yana kewaye ta. Yarinyar takan buɗe durowa ta shinshina tsohuwar rigarsa, mai ƙamshin takarda. Kewarsa ta hana ta sakat.

Idan ya bugo waya, ita take riga kowa ɗauka.

"Baba, yaushe za ka dawo?"

"Da zarar an biya mu, Kyanwata."

"Muryarka ta dishe."

"Ƙurar buhuna ce. Kin yi aikin gida?"

"Na yi. Baba, yaushe za a biya mu?"

Sai ya yi dariya. Amma dariyar ba irin ta shago ba ce, gajiya ce a cikinta.

Har yanzu ƙafafunta shagon suke kai ta bayan makaranta. Takan zauna a dakalin ƙofa ta jingina da ƙyauren ƙarfe. A nan ne wata rana ta ji mai aski yana zuba wa wani mutum zance.

"Ni na san mutanen inshorar nan kamar yunwar cikina," in ji shi. "Idan asararka kaɗan ce, ƙasa suke tura takardarka. Mai babbar asara ake fara sallama. Kuma kuɗinsa ya fi tsoka. Maƙwabcina dai ya yi sake, da ya nuna musu rabin kayansa sun tsira."

Mai askin nan ko ƙofar ofishin inshora bai taɓa gani ba. Bakinsa ne dai ya fi almakashinsa sauri. Amma yarinyar ba ta san haka ba. Maganar ta shige mata kunne ta zauna daram.

Da yamma Mama ta ce, "Mutanen inshora sun bugo. Gobe za su zo duba shago."

Yarinyar ta tuna maganar mai aski. Gobe! Idan suka ga littattafan sama lafiya lau, za su ce asarar kaɗan ce. Za su tura takardar Baba ƙasa. Shi ke nan, sai ya ƙara daɗewa.

Makullin shago yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. Ta ce wa Mama za ta je karɓo littafi wurin ƙawarta. Ta saka makullin a aljihu ta fita.

Shagon yana warin danshi. Ta ɗauki bokitin shara ta cika shi a famfon bayan shaguna. Ta jawo kujerar da Baba yake takawa, ta hau.

A hawan sama ne manyan littattafai suke. Ga ƙamus-ƙamus, ga littattafan taswira. Ga wani mai hotunan tsuntsaye, wanda Baba ba ya bari ta taɓa sai ta wanke hannu. Ta tsaya tana kallonsa.

"Don Baba ya dawo ne," ta ce a ranta.

Ta rufe ido ta watsa ruwan. Ta koma famfo ta sake cikowa. Ba ta bari ba sai da hawan sama duk ya jiƙe sharkaf. Launin bangon littattafan ya riƙa gangarowa a jikin katako, ja da shuɗi. Ta kulle shagon ta ruga gida.

Washegari bayan makaranta ta bi Mama. Wata mata ce kamfanin ya aiko, doguwa, mai farin tabarau. Ta gaisa da Mama cikin fara'a, ta yi mata jaje.

Ta fara da bango. Akwai layin taɓo da ruwa ya bari, daidai gwiwa. Ta auna shi. Ta durƙusa ta ɗauki littafi daga hawan ƙasa. Ya bushe ƙayau, ya kumbura, duk ya yi ruwan ƙasa. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Sai ta miƙe ta kai hannu hawan sama. Ta zaro ƙamus. Ruwa ya ɗigo mata a takalmi.

Fara'ar ta ɓace daga fuskarta.

"'Yar'uwa," ta ce wa Mama, "rufin nan yana yoyo?"

"A'a, Malama. Ta ƙasa ruwan ya shigo."

"Na ƙasa sun bushe tuntuni. Na sama kuwa ɗanye ne, kuma ruwan garau yake, ba taɓo." Ta buɗe wayarta ta nuna wa Mama. "Ga hoton da maigidanki ya turo ranar ambaliyar. Duba hawan sama. Ko ɗigo babu."

Mama ta dubi hoton, ta dubi littattafan. Ta dafe ƙirji.

"Wallahi, Malama, ban san yadda aka yi ba. Maigidana ba ya ma gari."

"Ban ce ke ce ba. Amma wani ya zuba ruwan nan da hannunsa. Idan muka ga an ƙara ɓarna da gangan, dole mu tsayar da komai mu yi bincike. Wani lokaci ba a biyan ko sisi, har na asarar gaskiyar. Wani lokaci ma sai an je kotu."

Yarinyar tana bakin ƙofa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da Baba ya bugo ranar, ba ta yi tseren ɗauka ba. Ta laɓe a bayan labule tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa daga wayar Mama.

"Littattafan saman nan da su na so in sake buɗe shago," yake cewa. "Kuma ni ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Yanzu za a riƙa yi mini kallon maƙaryaci. Zan gaya wa mai ma'ajiya ina nan tukuna. Ina Kyanwa?"

Mama ta miƙo wayar. Yarinyar ta girgiza kai ta gudu ɗaki. Tana son jin muryarsa kamar me, amma kunya ta fi ƙarfinta.

Kwanaki suka wuce. Abinci ya daina yi mata daɗi. A aji sai ta zuba wa taga ido. Malamarsu ta lura. Da aka fita tara, ta ce ta tsaya.

"Ke da bakinki ba ya hutawa, me ya same ki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Malama, idan mutum ya ƙara wa asararsa yawa don kamfanin inshora ya biya da wuri, laifi ne? Ai kamfanin yana da kuɗi."

Malama ta jawo kujera ta zauna. "Daga ina kike ganin kamfanin yake samun kuɗin?"

"Babana yana biya duk wata."

"Shi kaɗai?"

"A'a. Da sauran masu shaguna."

"To, kin gani. Kamar asusu ɗaya ne, kowa yana jefa nasa, don ranar da wani zai shiga uku. Wanda ya kwashi fiye da abin da ya rasa, rabon maƙwabtansa ya kwasa. Kuma saboda irinsa ne ake daɗewa ana bincike, masu gaskiya suna ta jira." Ta leƙa fuskarta. "Wane ne wannan mutumin?"

Hawaye suka ɓalle. Yarinyar ta faɗi komai, har da bokitin, har da mai aski.

Malama ta ba ta hankici. "Na ji. Amma ba ni ce zan fara ji ba. Tafi gida ki gaya wa mamanki, yau ɗin nan."

Ta tarar da Mama tana ninke kaya. Ta durƙusa a gabanta ta faɗa. Mama ta saki rigar da take hannunta.

"Ke? Ke da hannunki? Littattafan babanki?"

"So nake ya dawo, Mama. Na gaji da rashinsa."

Mama ta ɗaga murya ta yi faɗa sosai. Daga baya ita ma ta fashe da kuka, ta jawo ta jikinta.

"Kina tsammani ke kaɗai kike kewarsa? Ɗauko takalminki. Ofishinsu za mu je, kuma da bakinki za ki faɗa."

A ofishin, matar mai farin tabarau ta saurare ta har ƙarshe. Ba ta katse ta ba.

"Wani babba ne ya sa ki?"

"A'a, Anti. Ni ce. Babana bai sani ba. Mama ma ba ta sani ba. Don Allah kada ku ce babana maƙaryaci ne."

Matar ta cire tabarau ta goge. "Hotunan da babanki ya turo gaskiya suka nuna. Bai nemi a biya shi na sama ba. Wannan zai taimake shi. Zan rubuta abin da kika faɗa, in kai wa manyana. Ina sa ran za a biya na ƙasa. Na sama kuwa, ba ambaliya ce ta ci su ba. Ba mai biyansu."

Saura abu mafi wuya. Da Baba ya bugo, yarinyar ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta faɗa masa. Ya yi shiru, har ta ɗauka wayar ta yanke.

"Baba?"

"Ina jinki."

"Ka yi fushi?"

"Na yi. Raina ya ɓaci ƙwarai." Ya ja numfashi. "Amma na ji daɗi da kika faɗa. Yanzu ki saurara. Dole in ƙara zama a nan, in tara abin da zan sayi wasu littattafan."

Ta so ya dawo da wuri, ga shi ita ce ta ƙara masa makonni. Wannan ya fi mata kowace bulala zafi.

Bayan bincike, kamfanin ya biya na hawan ƙasa. Yarinyar ta roƙi Mama ta bar ta ta gyara shagon. Kullum bayan makaranta sai su je tare. Ta kwashe ruɓaɓɓun littattafai. Ta kankare taɓon bango. Ta goge katakai har hannunta ya yi kanta. Idan mota ta tsaya a bakin titi, sai ta leƙa. Mai aski kuwa ya koma gaishe su daga nesa.

Wata rana tana bisa kujera tana goge hawan sama, sai ta ji an ajiye jaka a bakin ƙofa.

"Wa ya ba ki izinin hawa kujerata?"

Ta waiga. Baba ne. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk ya farfashe. Ta diro ta ƙanƙame shi, tana kuka tana dariya.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a waya." Ya ɗaga kai ya dubi hawan sama, wayam ba komai. "Me kika koya?"

Ta share ido. "In faɗi asara yadda take, kada in ƙara. Na ƙara ƙarya don ka dawo da wuri, sai ƙaryar ta ƙara nisanta ka."

"Haka ne. Inshora tana mayar wa mutum abin da ya rasa ne da gaske. Ba wurin neman riba ba ce."

"Za ka sake tafiya?"

Baba ya tuɓe takalmansa ya tura su gefe. Ya naɗe hannun riga.

"Ina zan je, ga aiki jibge? Miƙo mini tsumman nan."