Ƙashin Akuya a Wuyan Mushe Attahir

A taron malaman Ingilishi na Tawa, a Nijar, Attahir ya fara ganin Jannatu, kuma da gardama suka soma. Shi ya ce kada Hausa ta leƙo aji ko da kalma ɗaya. Ita ta ce wanda bai gane ba, a yi masa bayani da harshen da ya sha a nono. Gardamar ba ta mutu ba, waya ta koma.

"Jannata, ba a taro kika kada ni ba, tun shigowarki na faɗi."

"Mushe malam, Hausa kake yi fa. Ina sambol ɗinka?"

Sambol ƙashin akuya ne a igiya, ana rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji. Attahir bai ɗaga wa kowa ƙafa ba, har a ajinsa na fataken albasa masu zuwa Gana. Wata rana wani dattijo a cikinsu ya ce, "Mushe, maimaita, ban ji ba." Attahir ya rataya masa, aji ya kwashe da dariya. Dattijon bai sake zuwa ba.

Ranar da ya je gaida iyayen Jannatu a Affala, wa zai gani kan tabarma? Dattijon nan ne, Malam Alƙasum, wanda ko ɗiyarsa bai gaya wa yana koyo ba. Attahir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wanga yaro? Shi da ya rataya min ƙashi gaban ƙannena? Ba ni ba shi ɗiyata!"

Yana hanya saƙonta ya shigo: "Babana, Attahir? Da furfurarsa?" Kunya ta hana shi amsawa.

Ranar kasuwa ya zo rumfar albasa da ƙashin a wuyansa, ya durƙusa gaban fataken da suka yi dariyar.

"Baba, na yi wauta. Ba ni cire shi sai da hannunka."

Dattijon ya bar shi a durƙushe har zufa ta jiƙa rigarsa, sannan ya zare igiyar ya jefa bayan buhuna.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ango ya sunkuya, ya yi godiya can ƙasa-ƙasa. Malam Alƙasum ya kai hannu kunne.

"Mushe, maimaita, ban ji ba."

Attahir ya maimaita da ƙarfi, da Hausa. Jannatu na jiyowa daga ɗaki, tana dariya da hawaye.

"Yauwa, ɗana. Allah shi yi muku albarka."