Gayyar Crisóforo

Wani dare muka ji ƙarar diga daga kan dutse, kaf, kaf, kamar ta mutum ɗari. Alhali majiya ƙarfin garinmu duk sun tsallaka Amurka, saura mu tsofaffi.

Shekara ashirin muna roƙon gwamnatin jiharmu ta Oaxaca hanyar mota. Injiniyoyi su zo, su ci talotalonmu, su kafa turaku, su ɓace. Gahawarmu kuwa dillalai ke saye yadda suka ga dama, don jaki kaɗai ke iya sauko da ita.

Da aka zaɓi Crisóforo shugaban ƙaramar hukuma, ya kira gayyar aikin hanya, mutum tara muka fito. Washegari ya hau kogon boka Melitón. Ni na raka shi, don ina son kallon irin waɗannan wurare. Baƙaƙen kyandirori bakwai, hayaƙin ƙaro, kan bunsuru a bushe, da ƙwarya cike da ƙasar makabarta.

"Shugaba da kansa!" in ji Melitón. "Kuɗi kake so?"

"Hannaye nake so."

"Akwai su kwance bayan coci, ba abin da suke yi. Ka watsa ƙasar nan, ka kira su da suna. Ranar da hanya ta kai kwalta, ka sallame su da suna, ɗaya bayan ɗaya."

"Nawa zan biya?"

"Ni? Kwalbar giya."

"In ban sallame su ba fa?"

Melitón ya hure kyandir ɗaya. "Ma'aikaci dai sai ya sami wurin kwanciya, Crisóforo."

Ya watsa ƙasar, ya kira matattun da suna, a daren muka fara jin digar nan. Wata uku hanya ta kai kwalta. Motoci suka shigo, gahawa ta yi daraja, aka buɗe kantuna biyu. Na ce masa, "Aboki, ka sallami mutanen nan."

"Hilarión, kai da mafarkinka! Leburan da ba ci ba sha? Su share mini gangaren can tukuna."

Suka share. Ya sayi wani gangaren, suka share. Ya gina bene.

Sai aka fara samun jar ƙasa a gadajen gidansa. Ƙaninsa ya kwanta lafiya, da safe aka tarar da shi a sandare, an ture shi gefen bango. Bayan wata guda sai surukarsa. Matarsa Remedios ta koma kwana a tsaye a tsakar gida, tana cewa, "Ku matsa, kun cika ɗakin!" Da ya ruga makabarta zai sallame su, sunayen suka ɓace masa, har na ubansa. Melitón kuma ya bar kogon.

Yanzu benen a rufe yake, Crisóforo na kwana a dakalin kasuwa. Ku ji ni da kyau: wanda ya sami abin da ya roƙa bai tsaya ba, da mutanen gidansa zai biya ragowar.

Jiya maƙwabciyarsa tsohuwa Eufrosina ta tsaya kansa, muna zaune mu shida.

"Shugaba, mijina shekara hamsin yana noma kafin mu binne shi. Yaushe za ka bar shi ya kwanta?"