Makokin Malam Barau a Motar Majema

Da hantsi na'urar shara ta shigo Layin Majema ta gabas, kamar yadda ta saba. Tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, tana tafiya a kan tayoyin roba, da ido guda a goshinta. Mutanen birnin Tafkin Baure suna kiranta Share-gari. Ta tsotse ɓawon gyaɗa, ta ɗauke wata leda, ta wanke inda wani ya tofar da goro. Sannan ta tsaya cak a ƙofar gidan Malam Barau, inda aka shimfiɗa tabarmi, takalma jere a bakinsu, butoci a gefe.

"Assalamu alaikum," in ji na'urar. "An bar kaya a kan hanyar jama'a. Don Allah a kwashe. Mun gode da ladabinku."

Mazan da ke kan tabarmin yanzu suka dawo daga maƙabarta, jar ƙasa ba ta bar ƙafafunsu ba. A tashar mota da ke daura da gidan, allon da ke jikin turke ya sauya daga kore zuwa ruwan ɗorawa.

Kowa a layin ya san ma'anar wannan launi. Tun da aka hana motocin gida da babura shiga cikin birni, motocin hukuma marasa direba ne kaɗai ke ɗaukar jama'a, kuma tsarin da ake kira Kintsi ne ke tafiyar da su. Kintsi yana ba kowane layi maki. Share-gari da idanun da ke kan turakun fitila suna kai masa rahoto: shara, tofi, kaya a hanya, taron mutane a tsaye ko a zaune, turereniya wajen shiga mota. Idan maki ya sauka, allo ya koma ruwan ɗorawa. Idan ya ƙara sauka, ya koma ja, kuma mota ba za ta sake tsayawa a layin ba sai bayan wata guda. Ba a cin tarar kowa, ba a kama kowa.

Wanda ya tsara Kintsi shi ne Injiniya Tanimu Barau, babban ɗan mamacin, wanda a lokacin yake zaune a tabarmar farko yana karɓar gaisuwa. Hujjar da ya kai gaban majalisar birni gajeriya ce: mutum ba ya tsoron hukuma kamar yadda yake tsoron idon maƙwabcinsa. Lissafin ya yi daidai. Magudanan ruwa suka buɗe, amai da gudawa ya bar unguwanni, matasa suka riƙa tashi wa tsofaffi a mota.

"Injiniya, 'yarka tana magana," in ji Alhaji Jibo, aminin mamacin, tsohon majemi irinsa. "Ka amsa mata mana. Ai ta yi sallama."

"Ku yi haƙuri, Baba. Bari in kira ofis."

"Kira. Ka gaya musu Barau ne ya rasu, ba ɓawon ayaba aka yar ba."

Tanimu ya koma gefe ya kira Hajiya Saude, shugabar hukumar sufuri. Ta yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, ta tambayi iyali, ta yi addu'a. Sannan ya faɗi buƙatarsa.

"Injiniya, ka fi ni sani. Babu gurbin makoki a Kintsi."

"Kwana uku kawai, ranki ya daɗe. A ɗauke idon daga layin."

"Da wane mabuɗi? Kai ka tsaya a gaban majalisa ka ce kada a bar ƙofar alfarma ga kowa, har da kai. Da aka kawo maganar makoki, ka ce kowane mai tireda zai ce kakarsa ta mutu. Sai majalisa ta zauna, ita kuwa sai wata mai zuwa. Ba za ku shiga cikin gida ba?"

"Mata suna ciki."

"Zaure fa?"

"An rushe shi lokacin da muka faɗaɗa hanyar mota."

Ba ta ambaci masallaci ba, domin ta san ƙofarsa na kulle kanta bayan kowace salla. Ta sake yi masa addu'a, suka yi sallama.

Da ya dawo, ya tarar da zaman ya sauya. Masu zuwa gaisuwa ba sa cire takalmi. Suna tsayawa a bakin tabarma, su ce "Ya haƙuri?", su shafa fatiha, idonsu na kan allo. Sallau tela, wanda shagonsa ke jikin gidan, ya matso ya rage murya.

"Wallahi ba don komai ba, Injiniya. Malam ubanmu ne duka. Amma ka san yadda abin yake, in ya yi ja..."

"Na sani, Sallau."

"Ka koma ɗinkinka," in ji Alhaji Jibo. "Da Barau yana ba ka inuwar ƙofarsa, ba ka kalli allo ba."

Sallau ya sunkuyar da kai, bai tafi ba, bai kuma zauna ba.

Abin da Alhaji Jibo bai faɗa ba, Tanimu ya san shi. Matar tsohon, Inna Kande, tana zuwa wankin ƙoda a babban asibiti, kuma gobe ne ranarta. Da ƙyar ake riƙo ta daga ɗakinta zuwa tashar. Idan mota ta daina tsayawa a Majema, tasha mafi kusa tana bayan gada, tafiyar da ƙafafunta ba za su iya ba. Wata guda babu wanki kuwa, likita bai ɓoye musu ma'anarsa ba.

Share-gari ta sake magana, da murya iri ɗaya, da godiya iri ɗaya. Gefen allon ya fara yin jaja-jaja.

Tanimu ya miƙe. Ya roƙi dattawa su ɗan tashi, ya durƙusa ya fara naɗe tabarmar farko. Ita ce wadda mahaifinsa ya riƙa zama a kai a ƙofar gida kafin zuwan Kintsi, yana tsayar da duk mai wucewa don gaisuwa.

Alhaji Jibo ya dafe ƙarshenta da sandarsa. "Kada ka naɗe tabarmar ubanka saboda matata. In ta ji, ba za ta yafe mini ba."

"In motar ta daina tsayawa, Baba, shi ne ba zai yafe mini ba."

Tsohon ya janye sandar.

Aka shigar da tabarmi da butoci cikin gida. Mazan suka tsaya cirko-cirko a ƙofa, babu wanda ya san abin yi. Nan take idon da ke kan turke ya ƙirga su, muryar tashar ta ce an taru a hanyar jama'a, don Allah a ba da wuri. Wasu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"To, Injiniya," in ji Alhaji Jibo, "zama laifi, tsayuwa laifi. Kai ka san dokar. A duk garin nan, ina ne mutum zai zauna da 'yan'uwansa ba a rage masa maki ba?"

Tanimu ya bi tsarin a zuciyarsa, sashe bayan sashe, kamar mai neman tsaga a bangon da shi ya gina. Amsa guda ce.

"A cikin mota," ya ce. "A can ma ƙara maki ake yi, in an zauna da natsuwa."

A daidai lokacin motar Majema ta iso, doguwa, koriya, ba ta da ƙara. Ƙofarta ta buɗe. Alhaji Jibo ya taka matakala, ya cire takalminsa a bakin ƙofa kamar yadda zai yi a bakin tabarma. Ya tuna ba a barin kaya a hanya, ya sunkuya ya ɗauke su ya sa a hammata.

"Ku shigo," ya ce wa sauran. "Barau bai taɓa yarda ya hau ta ba. Yau dai ta kama shi."

Haka aka yi zaman makokin Malam Barau. Motar tana tashi daga Majema, ta bi ta Kasuwar Sama, ta tsaya a asibiti, ta haye gada, ta zagayo. Tanimu yana kujerar baya, Alhaji Jibo a damansa, dattawa a jere, kowa da takalminsa a cinya. Labari ya bazu. Mai zuwa ta'aziyya ya jira a tasha, ya shiga, ya taka zuwa baya yana riƙe da ƙarfe, ya durƙusa gwargwadon yadda motsin mota ya bar shi.

"Ya aka ji da haƙuri?"

"Alhamdulillahi."

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

A shafa fatiha, ya sauka a tasha ta gaba, ya tsallaka ya jira mai komawa. Fasinjojin da ba su san mamacin ba suna rage murya, wasu su ɗaga hannu su ce amin. In lokacin salla ya yi, a sauka a masallaci, a idar, a koma tasha. A kowace tsayawa muryar motar tana cewa, "Mun gode da ladabinku." Sallau tela ya rufe shagonsa ya zauna tare da su har ƙarshe.

A rana ta biyu da safe aka riƙo Inna Kande aka shigar da ita. Maza uku suka tashi mata a lokaci guda. Ta zauna kusa da taga tana numfashi, ta dubi mijinta da takalmansa a cinya, ta dubi Tanimu, wanda ta sha goyawa yana jariri.

"Tanimu."

"Na'am, Inna."

"Sun gaya mini abin da ka yi. Allah ya yi maka albarka." Ta juya ga taga. Motar ta fara tafiya, ƙofar gidan Malam Barau tana wucewa, babu kowa a gabanta. "Mutumin nan bai taɓa barin wani ya wuce ƙofarsa ba a gaisa ba. Ga shi mu duka muna wuce ta."

A asibiti aka riƙo ta aka saukar da ita.

A rana ta uku aka kawo masar sadaka. Da yake ba a cin abinci a mota, sai aka ƙunsa wa kowa nasa, aka riƙa miƙa wa masu sauka. Aka yi addu'ar tashi tsakanin gada da Majema. Allon tashar ya daɗe da komawa kore.

Tanimu ya koma aiki da buƙata guda: a buɗe gurbi a Kintsi domin makoki, da suna, da ɗaurin aure. Ya tsaya a gaban majalisa ya yi bayani a fili, ya faɗi abin da ya faru a Majema. Aka saurare shi da girmamawa, aka miƙa batun ga kwamiti.

Hajiya Saude ce ta kawo masa sakamakon har ofishinsa.

"Sun duba alƙaluman makon," ta ce. "Babu layin da ya taɓa samun makin da Majema ta samu. Hanya fes, babu taro, babu turereniya, ga ladabi a mota. Kwamiti ya ce jama'a sun nema wa kansu mafita, don haka tsarin ba ya buƙatar gyara."

"Ba mafita ba ce, ranki ya daɗe. Rasa wurin zama muka yi."

"Na gaya musu. Suka ce wannan ba ya cikin alƙaluma." Ta gyara mayafinta. "Akwai ƙari. Za a ware mota ta musamman domin makoki, kowace unguwa ta riƙa nema. Za a sa labule, a yi wurin ajiye takalmi. Sun ce a sa mata sunan mahaifinka."

Bayan damina, wata rana da la'asar, Tanimu ya je gaida matan gidansu. Yana tsaye a tashar Majema sai Share-gari ta shigo layin. Ta zo ƙofar Malam Barau, idonta ya haska ƙasa, ba ta sami komai ba, ta wuce.

A bayanta wata mota ta taho, ba koriya ba, fara, da sunan mahaifinsa a goshinta. Ba za ta tsaya a Majema ba, domin rasuwar ta wata unguwa ce. Ta tsakanin labule ya hango maza a jere, ƙafa ba takalmi, hannuwa a sama, wani saurayi a kujerar baya kansa a sunkuye. Tanimu bai san wanda ya rasu ba. Ya ɗaga hannuwansa domin ya shafa tare da su, amma kafin ya kai su fuska motar ta sha kwana.